A koyar da amana a cikin ajin kwamfuta

A mako na huɗu na kwas ɗinmu na ƙirƙirarriyar basira a nan Ingila, malamarmu ta kawo mana zancen jarrabawar A-level ta 2020, wato ta kammala sakandare da ake shiga jami'a da ita. A shekarar korona ba a zauna jarrabawa ba, sai Ofqual, hukumar kula da jarrabawa ta Ingila, ta sa wani tsarin lissafi ya fitar da sakamako. Kusan kashi 40 cikin 100 na sakamakon ya fito ƙasa da makin da malamai suka ba ɗalibansu. Tsarin ya dogara da tarihin makaranta, don haka haziƙin yaro a makarantar da ba ta saba fice ba ya kwana a ciki, ƙananan azuzuwa kuwa, waɗanda suka fi yawa a makarantun kuɗi, aka bar musu makin malamansu. Kwana huɗu da fitar sakamakon gwamnati ta janye shi. Malamar ta ce mu nuna mata a wane mataki na aikin zaluncin ya shigo, kuma da maki a kan amsar.

Nan take na tuna digirina na farko a gida. Zancen ɗa'a yana can cikin kwasa-kwasan GST na gama-gari da kowane ɗalibi ke yi, mu ɗaruruwa a ɗakin lacca, a haddace, a ci, a manta. Ba a taɓa tambayarmu wa manhajar da muka rubuta za ta cutar ba. Ban ga laifin malamanmu ba, haka suka tarar da tsarin.

Ni dai ina ganin a cikin darasin gina na'urar ya kamata a yi wannan magana, kamar yadda jami'ar Harvard ta Amurka ke shigar da masana falsafa azuzuwan kwamfuta tun 2017. Sai dai kada mu kwaso misalan Turawa kaɗai, namu sun ishe mu. Ga manhajojin ba da bashi da ke kwashe lambobin da ke wayar mutum, in ya makara da biya a tura wa surukansa da abokan aikinsa saƙo ana kiransa ɓarawo. Ga NIN da BVN, inda hotunanmu da zanen yatsunmu suke ajiye. Ga dokar kare bayanai ta 2023, wadda ya kamata ɗalibin kwamfuta a Kano ko Zariya ya karanta kafin ya gama.

Kalmar ma muna da ita, amana. Lambar wayar mahaifiyar wani ajiya ce a hannun mai rubuta manhaja. Wanda ya rubuta layin da ke kwashe lambobin nan ya taɓa zama a aji irin wanda na zauna, kuma ina so ƙannenmu da ke ajin yanzu su ji tambayar malamar nan tun kafin a ba su irin wannan aiki.