Bidiyon wasan gem: bakin mai wasan ya kamata iyaye su auna kafin hoton

A Garwa da Marwa da Ngaundere, biranen arewacin Kamaru, yara da yawa sun fi kallon wasu suna buga gem fiye da yadda su kansu suke bugawa. Dalilin a bayyane yake: manyan wasanni suna buƙatar na'ura mai tsada ko waya mai ƙarfi, amma kallon wani yana bugawa a YouTube ko TikTok ko Facebook ba ya buƙatar komai sai data da wayar uwa. Iyaye kuwa, idan suka leƙa suka ga hotuna masu launi kamar katun, sai hankalinsu ya kwanta su koma harkarsu. A ganina wannan leƙen ba ya auna komai, domin abin da yake gyara yaro ko ya ɓata shi a irin wannan bidiyo yawanci ta kunne yake shiga, daga bakin wanda yake riƙe da wasan.

Akwai ma'aunin da aka riga aka tanada, kuma bai kamata a raina shi ba. A Turai, tun 2003 tsarin PEGI yake sa wa kowane wasa lambar shekaru: 3, 7, 12, 16 ko 18. A Amurka, hukumar ESRB take yin irin wannan aiki tun 1994. Minecraft yana ɗauke da lamba 7, Fortnite 12, GTA V kuwa 18, saboda kisa da fashi da miyagun ƙwayoyi da batsar da ke cikinsa. Wannan ya isa a yanke hukunci ɗaya ba tare da dogon nazari ba: wasan da aka ce sai ɗan shekara 18 zai buga, ɗan shekara tara ba shi da hurumin kallon bidiyonsa, ko da mai bugawar waliyyi ne. Sai dai lambar ta tsaya a kan wasan kamar yadda kamfani ya ƙera shi. Ba ta san saurayin da ya ɗauki kansa yana bugawa yana zuba ashar ba, kuma ita kanta ESRB ta daɗe tana rubuta wa masu saye cewa ba ta auna abin da mutane suke yi wa juna a intanet. Saboda haka ana iya samun bidiyon Minecraft, wasan ginin da ba jini a cikinsa, wanda bai dace da kunnen babba ba balle na yaro.

A nan ne matsalarmu ta bambanta da ta iyayen Faransa, kuma a nan nake so a fi tsayawa. Akasarin bidiyon da yaranmu suke kallo da Faransanci ne, kuma ba Faransancin littafi ba: na samarin unguwannin Faris ne, ko na titunan Abijan, ko gaurayen nan na Duwala da Yawunde da ake cakuɗa shi da Turanci da Fijin. Uban da ya tashi da Hausa da Fulatanci, wanda Faransancinsa na ciniki ne da na ofis, zai iya zama kusa da ɗansa tsawon sa'a guda ana zagin uwar wani a cikin wayar, bai gane ba. Uwar da ba ta yi boko ba ma sai ta yi murna cewa yaro yana ƙara jin harshen makaranta. Yaron kuwa ya gane sarai, ya haddace, kuma ranar da zai furta kalmar ga yayansa ko ga malaminsa, sai a ɗora laifin a kan abokan unguwa. Ba kalmomin kaɗai ba ne. Akwai ɗabi'ar da take tare da su, ta ihu idan an ci mutum, da jifa da na'ura, da wulaƙanta wanda aka kayar, da mayar da mace abin dariya. Yaro yana kallon mutum ɗaya kullum har ya saba da shi kamar ɗan gida, ya ɗauki salon maganarsa da dariyarsa.

Gwajin da nake ba da shawara mai sauƙi ne: a kifa wayar, a saurari muryar kawai na ƴan mintuna, a farkon bidiyon da tsakiyarsa, musamman inda mai wasan ya sha kaye. Wanda harshen ya fi ƙarfinsa ya kira babban ɗa ko ƙane ko maƙwabcin da ya yi makaranta, ya ce a fassara masa ba tare da an sakaya ba. Sannan ya tambayi kansa ko zai yarda wannan mutum ya zauna a zaurensa kowace yamma yana yi wa ƴaƴansa irin wannan hira. Idan mutumin ya tsallake, to sunan tasharsa za a riƙe, ba sunan wasan ba, domin mutum ake amincewa da shi.

Wasu za su ce ai kamfanonin sun tanadi kariya. Gaskiya ne, amma an tanade ta ne don gidan da yaro yake da na'urarsa shi kaɗai. Ƙa'idar YouTube ita ce sai mai shekara 13 zai buɗe asusun kansa, kuma tun 2015 akwai manhajar YouTube Kids ta ƙanana. A 2019 hukumomin Amurka sun ci tarar Google da YouTube dala miliyan 170 kan tattara bayanan yara, abin da ya sa daga 2020 dole mai ɗora bidiyo ya bayyana ko na yara ne, a rufe tsokaci a ƙarƙashinsa. A gidajenmu kuwa wayar ta Baba ce ko ta Inna, asusun ma nasu ne, don haka manhajar tana zaton magidanci ne yake kallo, kuma da bidiyo ya ƙare sai ta jawo wani da kanta. Ga kuma bidiyon da ake turawa ta Xender ko a loda a memori wajen masu caji, wanda babu wata matatar da yake bi. Duk da haka, sa YouTube Kids a wayar da kashe maɓallin da yake kunna bidiyo na gaba aikin minti biyu ne, kuma sun fi babu.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne caca, domin ta ƙofar ƙwallon ƙafa take shigowa, ƙofar da ba wanda yake zargi a Garwa, garin ƙungiyar ƙwallon Coton Sport. Wasan FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, ya yi shekaru yana ɗauke da lamba 3, alhali a cikinsa ana sayen ƙunshin ƴan wasa da kuɗi ba tare da an san wanda zai fito ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin wannan ciniki caca ne. Akwai bidiyo birjik da ba komai a cikinsu sai mutum yana buɗe ƙunshi bayan ƙunshi yana kururuwa idan ya dace, kuma yaro ba ya ganin kuɗin da aka ƙona kafin a dace ɗin. Haka masu buga gem ɗin Free Fire suke kwaɗaita lu'ulu'un wasan, wato kuɗin cikinsa, waɗanda dillalai suke sayarwa ta Orange Money da MoMo, a wayar da yaro wataƙila ya riga ya san lambar sirrinta. Wasu ma ƙarara suke tallata lambar rangwame ta kamfanonin caca. Ko Twitch, dandalin Amazon na masu wasa kai tsaye, sai da ya hana nuna wasu shafukan caca a 2022. Duk bidiyon da yake cewa yaro ya saya, ya tura kuɗi ko ya yi rajista, ya faɗi jarrabawa komai tsabtar bakin mai shi.

Shirin kai tsaye kuwa ba na ganin ya dace da wanda bai kai 13 ba ko kaɗan, saboda ba a tace shi, kuma a gefensa baƙi suna rubutu, wasunsu suna neman yaro ya koma wata manhaja su yi hira su biyu.

Na san masu cewa a hana gaba ɗaya a huta. Ban goyi bayansu ba, domin yaron da aka hana a gida zai kalla a wayar abokinsa a bayan makaranta, inda ba mai kifa waya ya saurara, kuma akwai masu bidiyo masu natsuwa da suke koya wa yara gini da tsari da haƙurin sake gwadawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 cewa jarabar wasan gem cuta ce, amma ta taƙaita ta ga wanda wasan ya rinjayi karatunsa da harkokinsa na yau da kullum, galibi na tsawon wata 12. Ga ƴan shekara biyu zuwa huɗu, shawararta ita ce kallon allo kada ya wuce sa'a ɗaya a rana.

Kamaru ta yi dokar kare yara a intanet a watan Yulin 2023, kuma tana da ANTIC, hukumar kula da fasahar sadarwa. Amma doka ba za ta saurari bidiyo a madadin uwa a unguwar Yelwa ta Garwa ko Domayo ta Marwa ba. Abin da zai yi amfani nan kusa shi ne ƙungiyoyin iyaye da malamai na makarantu su sa ɗaliban manyan azuzuwa, waɗanda suka san tashoshin nan ciki da waje, su fitar da sunayen waɗanda suka dace da ƙannensu da waɗanda ba su dace ba, a karanta su da Hausa da Fulatanci a taron iyaye da gidajen rediyon al'umma, a kuma sabunta su kowane zangon karatu, tunda mai bidiyon da yake da ladabi bana yana iya karɓar kwangilar kamfanin caca baɗi.