Na'urar da ta san ciwonta amma aka hana ta faɗa

Wallahi abin da masu ƙera na'urar sauti ta waje suke yi mana ya isa haka. Ina nufin akwatin nan da ake jonawa da kwamfuta don ɗaukar murya ko kiɗa, wanda 'yan situdiyo ke ce wa saun kad. Mutum ya tara kuɗinsa ya saya don ya yi aiki, sai a wayi gari ya koma mai gyara, yana durƙushe a bayan tebur yana zare wannan waya yana soka waccan, aikin da ya zaunar da shi kuma yana ajiye. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, sau da yawa na'urar ta san abin da ke damunta sarai. Waɗanda suka ƙera ta ne ba su ga dalilin da zai sa ta gaya mana ba.

Tawa lafiya lau take aiki har ranar da na ƙara mata wata na'ura mai kafofin makirufo 8 ta wayar haske, wato wayar da ke aika sauti da haske maimakon lantarki. Na jona, sauti ya shigo, mitoci suna motsi, komai kamar ya zauna. Sai da aka gama ɗauka na sa abin kunne, na ji ƙas. Bayan 'yan daƙiƙu, ƙas. Ba wata babbar ƙara ba ce, amma ta shige cikin muryar, a tsakiyar kalma, a kan numfashi, a daidai baitin da mai waƙar ta fi zuba murya. Abin da aka ɗauka ya riga ya huje. Kai ne kuma za ka ɗaga kai ka dubi wadda ta ba da duk ƙarfinta ka ce mata a sake. Kunyar taka ce, wanda ya ƙera akwatin bai ma san ana yi ba.

Mene ne musabbabin? Agogo. Sautin dijital awo-awo ne: na'ura tana auna sautin sau 44,100 ko sau 48,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma kowace na'ura tana da agogon cikinta da ke riƙe mata wannan ƙidaya. Ko an saita na'urori biyu a kan 48,000, agogunansu ba za su taɓa tafiya daidai wa daida ba. Ɗaya zai riƙa ɗan riga ɗaya, idan tazarar ta taru sai awo ɗaya ya zube ko a maimaita shi, kunne kuma ya ji ƙas. Ba a sarki biyu a gari ɗaya: dole na'ura ɗaya ta riƙe agogo, sauran su bi ta. Maganin ke nan gaba ɗaya, danna wuri guda ne.

To, don Allah, me ya hana a faɗa? Na'urar tana gane ko agogonta ya kama na waccan ko bai kama ba, shi ya sa ma aka sa mata wata 'yar fitila da ba ta kai ƙwayar ido ba, tana ƙiftawa a gefe. Wurin zaɓen agogon kuwa an binne shi can cikin manhajar saiti, sai ka buɗe shafi bayan shafi. Takardar da ke cikin kwalin hotuna ne kawai na yadda ake soka USB, kamar wannan ne abin da zai gagari mutum. Manhajar da ke iya fito min da sanarwa cewa in yi rajista, in sabunta, in duba sabon kaya, ta kasa fito da layi ɗaya ta ce agogo bai kama ba, kada ka ɗauka. Wannan ba gazawar fasaha ba ce, rashin damuwa ne da wanda ya saya.

Sai maganar ramuka masu kama ɗaya da ba sa jin yaren juna. Kafar hasken nan, TOSLINK, Toshiba ce ta fito da ita a 1983. Tana ɗaukar S/PDIF, tsarin aika sautin dijital na Sony da Philips mai layin sauti 2, tana kuma ɗaukar ADAT na Alesis mai layi 8 a kan 48,000. Rami ɗaya, waya ɗaya, jan haske ɗaya. Za ka zare bakin wayar ka ga jan hasken yana ci, ka sakankance cewa sauti na tafiya, alhali can gefe ɗaya ana aika ADAT, nan kuma ana jiran S/PDIF. Sakamakon shiru ne ko shuu mai huda kunne, kuma ba wanda zai ce maka ga dalili. Idan ka ɗaga aikin zuwa 96,000, layukan ADAT 8 ɗin nan su koma 4, na 5 zuwa na 8 su ɓace. Haka tsarin yake, ban musa ba. Amma a jikin kwali an buga jimillar kafofi da manyan lambobi, bayanin raguwar kuma sai mai haƙurin tono.

Haka wayoyin ƙarfe. S/PDIF na bakin RCA yana son waya mai om 75 (om awo ne na yadda waya ke tsayayya wa lantarki), amma bakinsa iri ɗaya ne da na wayar sauti ta gama-gari. AES3, wani tsarin aika sautin dijital, yana son mai om 110, bakinsa kuma XLR ne, irin na makirufo. A gajeren zango wayar da ba daidai ba za ta iya yin aiki, a dogo ta riƙa yankewa jefi-jefi, wanda shi ne mafi muni, domin matsalar da ke zuwa tana tafiya ba ta kamuwa. USB-C ma haka: akwai wayar da caji kawai take yi, akwai mai ɗaukar bayanai, ga Thunderbolt 3, wani tsarin haɗi daban, da ya zo da baki iri ɗaya, na'urarsa kuma ba za ta tashi a kafar USB-C zalla ba. Duk suna shiga ramin tsaf.

Da na rubuta wa sashen taimakon kamfanin, na zayyana musu komai: na'urori biyu, wayar haske, ƙarar tana zuwa a kan kari, kuma a layukan da suka biyo ta hasken kaɗai take. Duk wanda ya san aikin zai gane daga nan. Amsar da ta zo bayan dogon jira ita ce in kashe kwamfuta in kunna, in sauya waya, in goge direban, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'urar, in sake sa shi. Na yi. Na koma musu, wani ma'aikacin daban ya turo min waccan amsar kalma da kalma. Daga ƙarshe suka ce kwamfutata ce. Masu kwamfuta suka ce na'urar ce. Masu manhajar ɗaukar sauti suka ce direba ne. Malam, a cikinku duka ba wanda ya tambaye ni wace na'ura ce ke riƙe da agogo. A bakin masu amfani irina na tsinci amsar, mutanen da ba wanda ke biyansu albashi a kan haka.

Akwai kuma maganin da suke ba kowa da kowa: ƙara bafa, wato ɗan rumbun da kwamfuta ke tara awon sauti a ciki kafin ta wuce da shi. Gaskiya ne bafa tana da nata ciwon. Idan ta yi ƙanƙanta, kamar awo 128 a kan 48,000, kwamfuta tana da kusan milisakan 2.7 ne kacal ta cika ta, in ta makara sai sauti ya tsinke. Idan ka kai ta 1,024, jinkirin ya haura milisakan 21, mai waƙa ya riƙa jin muryarsa tana biyo shi a baya. Amma ƙas ɗin bafa daban, ƙas ɗin agogo daban, ko da kunne na jin su kusan iri ɗaya. Ƙarar da bafa ke jawowa tana ƙaruwa idan aiki ya yi wa kwamfuta nauyi, tana raguwa idan an ƙara bafar. Ta agogo ko ka kai bafa ƙarshe tana nan, tana zuwa a kan karinta. Wannan bambancin bai fi jimla biyu ba, da an rubuta shi a shafin farko da an huta da asarar dare da yawa.

Ban ma taɓo na kwamfutar tafi-da-gidanka da ke yanke wa kafar USB wuta don tattalin batir ba, na'ura ta ɓace ana tsaka da ɗauka. Ko kafar USB 2.0 da miliamfa 500 kawai take bayarwa, a ce ita za ta ciyar da akwatin har da wutar bolt 48 ta makirufo, wataƙila ma ta cikin mahaɗar USB da aka cika da wasu kaya. Ko aikin da aka ɗauka a 44,100 ya fito a 48,000, murya ta ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin 100 ta sirance, ka rasa wa ya taɓa saitin.

Ba sabon ƙirƙire nake nema ba. A sa manhajar ta yi magana da kalmomi, a fuskar farko: agogo bai kama ba, ADAT ke shigowa amma kana kan S/PDIF, wutar wannan kafa ba ta isa ba. A hana maɓallin ɗauka yin shiru alhali na'urar ta san abin da za ta ɗauka zai lalace. A buga a jikin kwali layi nawa ke saura a 96,000, da girman rubutun da aka buga jimillar. Ma'aikacin da aka ɗora a kan amsa koke kuma a koya masa ya karanta saƙon mutum har ƙarshe kafin ya tura amsar da aka riga aka rubuta masa.