Kafin ku zuba kuɗi a kan lissafin kamasho

Jama'a, akwai wani lissafi da nake yawan ji a bakin matasanmu masu son kafa kamfanin raba intanet a Samaru da Kongo a Zariya. Wai ɗalibai kaza za su hau layinmu, mu ƙulla da masu sayar da kaya ta intanet, duk wanda ya saya a ba mu kamasho. Sai a buga a kwamfuta, shekara uku kowa ya zama Alhaji. Ni dai lissafin nan bai kwanta mini ba.

An yi irinsa a Amurka. A 1997 Amazon ya amince zai biya AOL, wani kamfanin raba intanet, dala miliyan 19 don a riƙa nuna shagonsa ga masu hawa layin. Wasu suka bi sahu, masu hasashe suka ɗauka haka kuɗi zai yi ta zuba. Alhali da yawan shagunan nan ba da ribar ciniki suke biya ba, da kuɗin masu zuba jari ne. Da kasuwar hannun jarin kamfanonin intanet ta faɗi a 2000, shagunan suka yi ta rufewa. A 2002 AOL Time Warner, wato AOL bayan ya haɗe da kamfanin Time Warner, ya yi asarar kusan dala biliyan 99.

To mu dawo gida. Yawan masu hawa layi daban, yawan masu saye daban. Yaron da ya sayi data don TikTok ba takalmi ya zo nema ba. Hajiya kuwa gara ta shiga kasuwar Sabon Gari ta murza atamfa da hannunta, ta taya, a ce albarka, ta ƙara. Wanda ma ya yi oda, sau nawa mai kawo kaya zai iso Kwangila ya kira, ya ji waya a kashe? Kaya ya koma, kamasho ya bi shi, amma a takardar hasashe an riga an ƙirga shi.

Sannan Samaru da ɗalibai take numfashi. Yajin aikin ASUU na 2022 wata 8 ya ɗauka. Ku tambayi masu shago a bakin get ɗin ABU yadda suka ji.

Don haka duk wanda ya kawo maka irin wannan takarda, Malam, ka ce ya ware maka kuɗin da aka sa hannu za a biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba, daga wanda ake fata. Ya cire kayan da ake mayarwa, ya cire watannin hutu, ya sa kuɗin dizal da na na'urorin da ake saye da dala. Abin da ya rage, a kansa za ku zauna ku yi magana.