Lemon Kwalba A Bakin Goyo

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan sallar isha'i, na ɗauki maiɗakina da yaranmu biyu muka je wani gidan abinci da ke kan titin Gidan Zu a nan Kano, kuma abin da idona ya gane mini a teburin da ke kusa da namu shi ne ya sa na zauna rubuta wannan nasiha zuwa ga ƙannena da sa'o'ina, maza da mata, waɗanda Allah Ya azurta da haihuwa a wannan zamani. Wani matashi ne da matarsa, da ganinsu auren bai daɗe ba, ga yaronsu a cinyar uwar, wanda a ƙiyasina bai cika wata goma ba, domin haƙora biyu ne kacal suka ɓullo masa a ƙasa. An kawo musu soyayyiyar shinkafa da gasasshiyar kaza wadda aka baɗe da yaji, da robar lemo mai sanyi har tana raɓa. Yaron ya fara ƙananan koke-koke irin na mai jin barci ko yunwa, sai uwar ta zura hannu cikin jaka ta ciro fida, ta tsiyaya baƙin lemon nan mai gas a ciki, ta cusa masa a baki, alhali idonta bai bar kan waya ba. Shi kuma uban ya yago tsokar kaza da yajinta ya danna masa, yaro ya yamutsa fuska, idanunsa suka kawo ruwa, uban ya tuntsire da dariya yana ɗaukar bidiyonsa.

Maiɗakina ta kasa daurewa, ta matsa kusa ta ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri da shisshigina, amma wannan yaron ai bai kai shan lemon kwalba ba." Matar ta ɗago kai a karon farko, ta yi murmushi ta ce, "Anti, ai ya saba. In ba a ba shi ba, ba zai bari mu ci abincin nan ba." Mijin ya ƙara da cewa, "Namiji ne, gara ya koyi cin yaji tun yanzu."

Wannan kalma ta "ya saba" ita ce ta tsaya mini a maƙogwaro. Wane ne ya saba masa? Yaron da ko tsayuwa bai iya ba, shi ne ya je kanti ya sayo lemo, ko shi ne ya kira mai kawo abinci ya ce a ƙara masa yaji? Yaro ba ya zuwa duniya da sanin lemon kwalba, harshensa allo ne da aka wanke tas, abin da uwa da uba suka rubuta a kai shi zai riƙa karantawa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to mu a yau muna tanƙwara shi ta wajen da zai karye, sannan mu koma gefe muna cewa haka Allah Ya yi shi, ba ya son kunu, ba ya cin tuwo, ba ya shan ruwa sai mai zaƙi.

Ba ina cewa zuwa gidan abinci laifi ba ne. Mutum ya fita da iyalinsa su sha iska, a hutar da uwargida wahalar murhu ko da sau ɗaya a wata, wannan kyautatawa ce, kuma ni ma abin da ya kai ni ke nan. Abin da nake kuka da shi shi ne ɗaukar abincin da aka dafa domin harshen babba, wanda aka cika da gishiri da ɗanɗano da mai da barkono don ya ja masu saye, a dunƙula a tura cikin yaron da hanjinsa da ƙodarsa ba su gama ƙwari ba, ba don yana buƙata ba, sai don a toshe masa baki manya su samu sukuni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗa cewa jariri nonon uwa zalla yake buƙata har ya cika wata shida, ko ruwa ba a haɗa masa, bayan nan a fara ba shi abinci mai laushi a hankali, a ci gaba da shayar da shi har shekara biyu ko fiye. Tun kafin likitoci su faɗa, aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Masana abincin yara sun ce gishirin da yaron da bai kai shekara ɗaya ba yake buƙata a yini bai kai giram ɗaya ba, kuma yana samunsa a cikin nono, ga shi kuwa dunƙulen ɗanɗano da ake zuba wa shinkafar gidajen abinci babu ƙidaya galibinsa gishiri ne. Robar baƙin lemo ta santilita 50 tana ɗauke da sukarin da ya haura cokalin shayi goma, ban da sinadarin kafeyin da ke hana barci. Ko gwamnatin tarayya da kanta, a dokar kuɗi ta 2021, ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, kuma cutarwarsa ga lafiya tana cikin dalilan da aka kawo. Abin da ake neman rage wa manya shansa shi ne muke ɗura wa ɗan wata goma a fida, muna cewa ya saba.

Kuma wannan ba shi ne karo na farko da na ga irin haka ba. Na ga uwa a wurin mai shayi tana ba ɗanta ɗan shekara ɗaya indomi da ƙullin yajinta duka biyu, tana hura wa da baki tana tura masa. Na ga uba a gaban mai tsire ya tauna nama ya fito da shi ya sa wa 'yarsa a baki, bai san cewa ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da haƙori suna bin yawu daga bakin babba zuwa na yaro ba. Na ga an miƙa wa yarinyar da take koyon tafiya shawarma wadda aka laɓta wa man salak da ɗanyen kabeji, alhali babu wanda ya san tun yaushe aka yanka kabejin, ko da wane ruwa aka wanke shi, ko sa'a nawa man ya yi a waje bayan an ɗauke wuta. Na ga an zuba wa ƙaramin yaro soyayyiyar gyaɗa a tafin hannu don ya yi shiru, ita kuwa gyaɗa guda ɗaya in ta sarƙe ta faɗa hanyar numfashi tana iya kashe yaro kafin a isa asibiti, haka ma ƙayar kifi da guntun ƙashin kaza. Zuma da zaƙi da harbi, in ji masu iya magana, kuma ita zumar ma kanta likitoci sun hana a bai wa yaron da bai cika shekara ba, balle abin da aka haɗa a masana'anta da launi da gas.

Washegari idan cikin yaron ya ɓaci, ya fara zawo da amai, sai ka ji an ce haƙori ne. Komai haƙori ne. Idan ba haƙori ba, to kambun baka ne, wata ce ta yaba shi a wurin biki. Babu wanda zai tuna da kazar jiya da lemon jiya, sai a ruga kemis a sayo maganin da babu likitan da ya rubuta, a ƙara wa cikin da ya gaji wani nauyin. Ruwa ba ya tsami banza. Gudawa tana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasar nan, kuma ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da annobar amai da gudawa ta kama mutum fiye da dubu ɗari a Najeriya, ta kashe sama da dubu uku, jihohin Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Gurɓataccen ruwa da abinci su ne hanyarta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Da yawa daga cikin iyayen da ke iya lissafo sunayen duk gidajen abincin da ke Bompai da Nasarawa ba su san yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ba, wato cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, wanda shi ne abu na farko da ke ceton yaron da ruwan jikinsa yake ƙarewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wannan ba talauci ba ne. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa fiye da rabin ƙananan yaran Arewa maso Yamma sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, kuma mafi yawansu iyayensu ba su da halin ne, wannan abin tausayi ne da addu'a. Amma wanda ya iya biyan kuɗin kaza da shinkafa da lemo a dare ɗaya, kuɗin da zai sayi mudun gero da waken suya da gyaɗa a yi wa yaro garin kunun da zai kai shi makonni, shi kam ba rashi ne ya hana shi ba, ganganci ne da son a ce ya waye. Yaro yana iya cika ciki da zaƙi da mai ya yi kumatu, amma jininsa babu ƙarfi, domin lemo ya toshe gurbin da ƙwai da alale da faten dankali da miyar zogale ya kamata su shiga.

Ita kuma wayar nan, Allah Ya shirye mu. A daren nan na ƙirga, tsawon zamanmu uwar ba ta dubi fuskar ɗanta ba sai lokacin ɗaukar hoto, an jera faranti an gyara ɗankwali, an ɗora a Instagram domin ƙawaye su san an fita. Rabin abincin ma a faranti aka bar shi, ga almajirai a bakin ƙofa da robobinsu mai gadi yana kora. A wani teburin kuma 'yar aiki ce, yarinya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, aka saɓa mata goyo tana zagaye a tsaye, masu gida suna ci, babu wanda ya ce mata zo ki zauna. Ku kuma maza, kada ku ce wannan magana ta mata ce. Kai ne ka tuƙo motar, kai ne ka biya kuɗin, kai ne ka yago naman. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana cewa kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi game da abin kiwonsa, to wane makiyayi ne yake ba ɗan maraƙi abin da zai kumbura masa ciki don ya samu ya yi dariya?

Ba na cewa duk abin da iyayenmu suka yi daidai ne. Ɗura da ake yi wa yara a da, a toshe hanci a kwarara kunu, ta halaka da yawa, kuma dauri da jiƙe-jiƙen da ake ba jarirai ba abin komawa ba ne. Amma sun san abu ɗaya da muka manta, cewa abincin yaro daban yake da na babba, kuma ana ba shi lokaci. Na tashi na ga kakata tana tashi da asuba ta dama koko da gasarar da ta tace da hannunta, ta ware na ƙanena a ƙaramin ƙoƙo kafin ta sa wa na manya kayan yaji, ta zauna a kan tabarma ta ɗora shi a cinya tana ba shi da ludayi kaɗan-kaɗan tana yi masa wasa, ba ta tashi sai ya kawar da kai da kansa. Idan za a yi tafiya, ko zuwa unguwa ce, sai an ƙulla wa yaro nasa a cikin kwano mai murfi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A wancan lokaci magidanci ya tsaya a titi yana ci ma abin kunya ne, sai dai ya ƙunso tsirensa ya kawo gida, a yanka wa kowa daidai shekarunsa, na goye kuwa a ce bai kai ba tukuna. Lemon kwalba sai da salla ko an yi baƙo, kwalba ɗaya a raba wa yara uku. Yau babu kakar da ake jin maganarta, in ta yi magana a ce tsohuwa ba ta san zamani ba, maƙwabciya in ta tsawata a ce ta sa ido, kowa da ɗansa, kowa da wayarsa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma yanzu masu hangen sun yi shiru don gudun baƙar magana.

Ƙannena, ku ji tsoron Allah a kan waɗannan bayin Allah da ba su da bakin faɗa. In za ku fita, ku fita da tunanin yaron kafin naku, ku san abin da zai ci kafin ku san abin da za ku sa, kuma ku daina fakewa da cewa ya saba.

Da muka tashi tafiya, sun riga mu fita. Na hango su a wajen ajiye motoci, uban yana duba bidiyon da ya ɗauka yana nuna wa matar, yaron ya yi barci a kafaɗarta, fidar tana rataye a hannunsa da ragowar baƙin lemon a ciki, gaban rigarsa duk ya jiƙe. Maiɗakina ba ta ce komai ba har muka kai shataletalen Dangi, sannan ta ce da ta sani ta karɓi lambar uwar yaron.