Maɓallin rage murya

Camry ɗin nan 'yar Kwatano, ƙirar 2012, dillali ya nuna mini komai nata har wurin ajiye kofi, amma bai ce uffan ba kan wasu 'yan kunnuwa biyu da ke bayan sitiyari. Na dama da alamar ƙari, na hagu da alamar ragi. Duk mai hankali ya san na rediyo ne.

Ranar da zan kai surukina ɗaurin aure Zariya, na sha wanki da guga, ita ma motar ta sha. Baba ya zauna gaba, ya cusa ledar goronsa gefen giya, ashe ledar ta ture sandar daga D zuwa S. Mun wuce Kura ana labaran rana, sai ya ce, "Malam, ɗan rage mana rediyon nan."

"To, Baba," na ce cikin ladabi, na ja kunnen hagu.

Mota ta yi gurnani. Mai labarai kuwa ko gezau. Na sake ja. Allurar inji ta haura biyar, motar ta dunƙule kamar an riƙo ta ta baya, hular Baba ta zamo kan hanci. A ja na gaba sai ta yi "ɗit, ɗit", wanda na ɗauka rediyon ne ya fara jin magana.

"Rage na ce, ba ƙara ba!"

Da gaskiyarsa, domin yanzu ƙara biyu yake ji. Maiɗakina daga baya tana ta Hasbunallahu, Baba ya riƙe hannun ƙofa da hannu bibbiyu, ni kuma gumi har cikin takalmi, ga kunyar suruki ta hana ni cewa ban san abin da ke faruwa ba. Haka muka lallaɓa Kwanar Dangora a giya ta biyu, masu Golf suna wuce mu suna leƙe.

Makanikin bakin titi ya kasa kunne, ya girgiza kai, ya ce sai an sauke giyabos. Yaronsa ne, wanda bai fi shekara goma sha biyar ba, ya zura hannu ya mayar da sandar D. Shi ke nan gyaran. Ya ce kunnuwan na sauya giya ne da hannu: dama hawa, hagu sauka, kuma "ɗit, ɗit" ɗin nan motar ce ta ƙi saukar da za ta kashe inji. Suna da amfani wajen wuce tirela, ko gangara irin ta Hawan Kibo, inda inji zai riƙe mota birki ya huta. Har ya ƙara mini da cewa Ferrari ce ta fara sa su a motar tsere a 1989. Ban tambaye shi ba.

Ogansa ya karɓi dubu biyar, kuɗin kasa kunne.

Da aka shafa fatiha na buɗe wa Baba ƙofa. Ya ce mu yi gaba kawai, akwai wanda yake son gani a tasha.