Romon mai jego a ƙasar Sin: ƙarfin yana cikin tsoka

A ƙasar Sin, mai jego kan yi wata guda a gida, ana ba ta romon kaza da citta, ko na kifi da ɗanyar gwanda. Abin da ke damuna shi ne yadda mutane da yawa suka ɗauka cewa duk amfanin ya narke cikin ruwan, har a bar naman a tukunya. Ba su da laifi, don romon kifin yakan fito fari tas kamar madara. Amma wannan farin maiƙo ne da ya gauraya da ruwa saboda tsananin tafasa. Sinadarin gina jiki kuwa, mafi yawansa yana nan cikin tsoka. Romon yana ba mai shayarwa ruwa da ɗumi, tana bukatarsu. Sai dai wadda ta sha kwano uku ta ture kifin, abin da zai mayar mata da ƙarfi ta ture.