Tsohon da Napoleon ya kasa kwantarwa

Jiya a majalisa muka kaure da musu kan wanda ya karya Napoleon, kowa sai ya ce Wellington na Ingila, kamar shi kaɗai ya je filin Waterloo. Ni fa a ganina an ci haƙƙin wani tsoho Bajamushe, Gebhard von Blucher.

Ɗan gidan sarauta ne, an haife shi a Rostock a 1742. Tun yana matashi ya shiga sojan doki na Suwidin, sojojin Prussia, wata masarautar Jamusawa, suka kama shi a 1760, shi kuwa gogan naka sai ya sauya kaki ya zama nasu. Da aka tsallake shi a ƙarin girma ya aika wa sarki Frederick na Prussia takardar barin aiki cikin fushi, sarki ya kore shi da baƙar magana, ya koma noma, sai bayan sarkin ya mutu ya dawo soja a 1787.

Kar a ce na ce gwanin dabara ne fa. Tsare-tsare aikin babban hafsansa Gneisenau ne, shi tsohon nasa dai a ce gaba, har laƙabinsa kenan, Marshal Gaba-dai. Ga caca ga lofe. Kuma Faransawa sun sha lallasa shi, a 1806 sai da ya miƙa wuya kusa da Lubeck, amma ya dage sai an rubuta cewa abinci da harsashi ne suka ƙare masa. A Fabrairun 1814 Napoleon ya yi ta jibgar rundunarsa cikin mako guda, ƙarshen Maris sai ga su a Paris.

Inda ya burge ni shi ne yaƙin Ligny da ya gwabza da Napoleon, 16 ga Yuni 1815. Mutum mai shekara 72 ya ja mahaya da kansa, aka harbe dokinsa ya faɗo ya danne shi, dawakan Faransa suna wucewa ta gefensa magariba ta yi ba su gane shi ba, dogarinsa Nostitz yana tsaye a kansa har aka zo aka janye shi. An ci su yaƙin ranar. Wani ne da ya ce a kai shi gida jinya. Shi ko aka murza masa tafarnuwa a jiki, ya ce ya yi wa Wellington alkawari zai zo, kuma sai ya zo. Kwana biyu tsakani sojojinsa suka taso daga garin Wavre suka nufi filin Waterloo suna jan igwa cikin taɓo, da la'asar suka faɗa wa Faransawa ta ɓangaren dama a ƙauyen Plancenoit, dole Napoleon ya raba mayaƙansa a lokacin da layin Wellington ke gab da tsinkewa.

Wellington ya riƙe wuta, ban musa ba. Amma mu dama tarihin ta hannun Turawan Ingila ya iso mana, to wa kuke jin za su ɗaga? Ko sunan yaƙin ma, Blucher ya so a ce Belle Alliance, wajen da suka haɗu da Wellington da daddare, Wellington ya sa sunan ƙauyen da ya kwana, wato Waterloo.